Layin sama na burauza: wurin adireshi ne ko wurin tambaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Unguwar Rogo, nan Jos. Na saba idan zan nemi abu a waya sai na fara buɗe shafin Google, sannan in rubuta a akwatinsa na tsakiya. Ɗana ya ce ɓata lokaci nake yi, wai in riƙa rubutawa kai tsaye a dogon layin nan na sama. Na gwada, amma abin ya rikita ni. Wani lokaci ya kai ni shafin da nake so, wani lokaci ya jero min sakamakon Google, wani lokacin kuma ya ce ba a sami shafin ba alhali ina da data. Sannan da na fara rubutu sai abubuwan da na taɓa nema su yi ta fitowa, ga shi wayar ni da yara muke taɓa ta. Bana kuma 'yata za ta yi JAMB, ina tsoron shafukan 'yan damfara. Don Allah a warware min."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ɗanki bai yi ƙarya ba, sai dai ya miƙa miki makulli bai nuna miki ƙofar da yake buɗewa ba. In na fahimce ki, abu uku ne ke damun ki: dalilin da layi ɗaya yake yi miki hali iri-iri, yadda za ki hana shi tona abin da kika nema a gaban yara, da yadda za ki tabbatar shafin da kika sauka a kansa na gaskiya ne. Dukkansu tushensu ɗaya. Layin nan aiki biyu aka ɗora masa, kuma cankar wanda kike nufi yake yi daga siffar abin da kika rubuta.

Na fi shekara goma sha biyar ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago kusa da titin Bauchi, inda ɗalibai da iyayen yara ke zuwa cike fom da buga takardu. A darussan makon farko babu abin da ya kai wannan layin rikita mutane, har waɗanda suka yi shekaru da babbar waya a hannu. Don haka kada ki ji nauyin tambayar.

Yadda akwati biyu suka zama ɗaya

Asalin layin na adireshi ne kawai. Kowace kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet tana da lamba, amma tunda mutum ba zai iya haddace lambobi barkatai ba, a 1983 aka ƙirƙiro tsarin da ake kira DNS, wanda aikinsa mayar da suna lamba. Kin rubuta unijos.edu.ng, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, ta tambayi lambar wannan sunan, a ba ta, ta je ta ɗauko shafin. Kamar dai ki taɓa sunan mutum a wayarki ita kuma ta kira lambarsa.

Bincike kuwa wurinsa daban ne. Waɗanda suka yi zamanin kafe, lokacin da ake sayen awa guda a ƙare rabinta ana jiran Yahoo ya buɗe, za su tuna burauza mai akwati biyu a sama: dogo a hagu na adireshi, ƙarami a dama na bincike. Da Google ya fito da Chrome a watan Satumba na 2008 sai ya haɗe su, ya sa wa layin suna Omnibox. Internet Explorer ta bi a 2011, Safari ta kamfanin Apple ta bi a 2012 a kwamfuta da 2013 a iPhone, Firefox ma a 2017 ta daina nuna ƙaramin akwatin ga sabon mai amfani. Ke nan abin da kike yi a da ba kuskure ba ne, zagaye ne kawai, kamar mai zuwa Terminus daga Unguwar Rogo ya ce sai ya bi ta Farin Gada. Zai isa, sai dai ya ƙara kuɗin mota.

Abin da take dubawa kafin ta yanke shawara

Ki ɗauki layin kamar mai Keke. In kin shiga kin ce masa Masallacin Juma'a, ya san inda zai sauke ki, babu wata tambaya. In kuwa kin ce ya kai ki inda ake sayar da atamfa mai kyau, to kin bar zaɓi a hannunsa. Na farko shi ne adireshi, na biyu shi ne bincike. Sai dai burauza ba ta jin muryarki balle ta gane nufinki, rubutun kawai take kallo, kuma abin da ta fi kallo biyu ne: tazara da ɗigo.

Idan akwai tazara tsakanin kalmomi, kamar ki rubuta yadda ake haɗa miyar taushe, ta san tambaya ce, sai ta miƙa wa injin bincike. Idan babu tazara, akwai ɗigo, kuma abin da ya biyo bayan ɗigon ƙarshe yana cikin ƙarshen sunayen da aka yi wa rajista a duniya, irin su com da org da ng, to ta ɗauka adireshi ne, ta kama hanya. Kalma ɗaya tilo wadda babu ɗigo a cikinta, kamar jamb, bincike ce.

Daga nan halin farko da na biyu da kika gani suka fito. Rubuta jamb.gov.ng zai kai ki gidan hukumar. Rubuta jamb gov ng zai jero miki sakamakon Google. A ido kusan abu ɗaya ne, a wajen burauza kuwa ƙasa da sama ne. Na taɓa tsayawa bayan wani dattijo da ya zo da adireshi a rubuce a bayan takardar magani, yana hura hannu saboda sanyin hunturu, yana danna harafi ɗaya-ɗaya da yatsa guda. Sau uku yana rubutawa, sau uku Google na fitowa, har ya fara cewa kwamfutarmu ce ba ta da kyau. Da na sunkuya na duba, ashe waƙafi yake sawa a wurin ɗigo, don maɓallan biyu maƙwabta ne kuma a allo ba su da wani bambanci ga mai raunin ido. A waya abin da ya fi faruwa shi ne tazara ta saƙale bayan ɗigo, musamman in an kwafo adireshin daga saƙon da wani ya rubuta da hannu.

Hali na uku, inda aka ce miki ba a sami shafi ba alhali kina da data, yana faruwa ne idan abin da kika rubuta ya yi kama da adireshi amma babu mai wannan sunan. Burauza ta yarda adireshi ne, ta tambayi lambarsa, aka ce babu. Kuskuren da na fi gani shi ne yar da ng ɗin ƙarshe. Ƙarshen gov shi kaɗai na gwamnatin Amurka ne, namu gov.ng ne. In kuma kika juya haruffan kika rubuta gn, kin tura ta ƙasar Gini. Ki duba ƙasan saƙon, idan kin ga kalmar NXDOMAIN to sunan ne babu shi, ki sake duba rubutunki. Idan hoton ɗan dabban nan mai gajerun hannuwa (dinosaur) ne ya fito a Chrome, matsalar sabis ce ko data. Idan kuwa lamba 404 kika gani, kin isa gidan daidai, ɗakin da kika ambata ne babu, watakila an canza masa wuri. Sai ki goge duk abin da ya biyo bayan sunan gidan ki shiga ta zaure.

Akwai wani abin da yake shiga tsakani. Burauza tana tuna inda kika saba zuwa, don haka kina rubuta fa sai ta ƙarasa miki facebook.com da kanta, ta yi wa ƙarin launi. In kina nufin neman kalmar fa ce ko fara, kika danna shiga ba ki lura ba, sai ki gan ki a Facebook. Danna maɓallin gogewa sau ɗaya yana cire ƙarin ya bar miki abin da kika rubuta. Haka nan sunan fayil yana iya yaudarar ta, domin tun 2023 zip da mov sun zama ƙarshen adireshi da kowa zai iya saya. In kina son tilasta mata bincike, ki ƙara wata kalma da tazara. A kwamfuta, Chrome da Firefox suna karɓar alamar tambaya a farkon rubutu a matsayin umarnin cewa bincike ake so.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma masu ƙaramar na'urar MiFi sun san shi. Don canza kalmar sirrin na'urar ana shiga wata lamba irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, wadda yawanci take rubuce a jikinta ko cikin murfin batir. Wannan shafin ba a intanet yake ba, a cikin na'urar da ke ɗakinki yake. In kin rubuta lambar a akwatin da ke shafin Google, sai a kawo miki shafukan da ke bayani a kanta, wasu har da manyan maɓallan shiga na bogi. Dole sai a layin sama.

Maganar JAMB da karanta adireshi

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ake asarar kuɗi. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya taɓa sauka a tasha ya tambayi ɗan kamasho motar garinsu ya san amsar tana bin wanda ya ba da na goro. Sakamakon bincike ma haka yake. Na farko-farkon sau da yawa talla ne, an rubuta Sponsored a samansu da ƙananan haruffa, kuma wanda ya biya kuɗi ne ya samu wurin. Mafi yawan masu tallar 'yan kasuwa ne na halal, amma ɓarayi ma suna saye. A watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi musamman a kan masu sayen tallar injin bincike da sunan kamfanonin da aka sani, su ja mutane zuwa shafin da suka kwaikwaya.

Wata shekara wani yaro ya zo min da rasit a waya yana so in buga masa takardar jarrabawar tantancewa ta wata makaranta. Sunan makarantar ya rubuta a layin sama, ya danna na farkon da ya fito. Shafin na da tambarin makarantar, da hoton ƙofarta, da wurin sa lambar JAMB. Abin da ya sa na tsaya shi ne asusun da ya tura kuɗin sunan mutum ne a kansa. Muka koma tarihin wayarsa muka buɗe shafin, muka taɓa layin sama, sai ga sunan makarantar a farko, amma ƙarshen adireshin wani abu ne daban. Kuɗin da mahaifiyarsa ta tara ne daga sayar da awara. Bai ce komai ba, ya daɗe yana kallon allon.

Tun daga nan ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce: duk inda kuɗi, ko kalmar sirri, ko lambar NIN da BVN za su shiga, a je da adireshi, kada a je da bincike. Bincike na neman sani ne. Kuma ko ta wace hanya kika isa, ki ɗaga ido ki karanta layin sama kafin ki rubuta komai a shafin.

Karanta shi kuwa daga baya ake yi. Ki bar https da sanduna biyun (//) da ke biye da shi, ki nemi sanda ta farko mai karkata (/) da ta zo bayan sunan. Abin da ke daf da ita ta hagu shi ne sunan mai gida. Duk abin da ya gabace shi sunayen ɗakuna ne, kuma mai gida yana iya sa wa ɗakinsa sunan da ya ga dama. Saboda haka efacility.jamb.gov.ng ɗaki ne a gidan jamb.gov.ng, na hukumar ne. Amma jamb.gov.ng.example.com gidan example.com ne, an dai rubuta sunan JAMB a ƙofar wani ɗakinsa. Haka ma example.com/jamb.gov.ng, duk abin da ya zo bayan sandar mai gidan ne ya rubuta. Na yi amfani da example.com ne don suna ne da aka keɓe musamman domin ba da misali, ba na kowa ba ne. Sannan ɗigo daban, karan tsakiya (-) daban: sunan da aka haɗa da karan tsakiya ya ƙare da com, kowa zai iya saye da kuɗi kaɗan cikin minti goma. A waya layin gajere ne, ba ya nuna adireshin duka, sai kin taɓa shi.

Ƙarshen gov.ng yana da ƙarfi domin ba a sayar wa kowa, hukumomin gwamnati ake ba wa, ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, yayin da ƙungiyar NiRA ke kula da sunayen ng gaba ɗaya. Sai dai ba duk shafin gaskiya ne ke ƙarewa da shi ba. Sakamakon WAEC a waecdirect.org ake dubawa, masu hidimar ƙasa kuma portal.nysc.org.ng suke shiga. Don haka adireshin farko ki ɗauko shi daga abin da hukumar ta buga da kanta, kamar takardar jarrabawa ko sanarwarta, na banki kuma daga jikin katin ATM ko takardun reshe.

Kada ki dogara da hoton kwaɗon rufe ƙofa da ke fitowa a gefen adireshi. Shekaru muka yi muna gaya wa mutane in sun ga kwaɗo shafin lafiya lau ne, mun kuwa yi musu gurguwar koyarwa. Ma'anarsa kawai ita ce abin da ke tafiya tsakaninki da shafin a rufe yake, na kan hanya ba zai karanta ba. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma shaidar da ke kawo shi kyauta ake samu yanzu. Saboda yawan rashin fahimtar nan ne Chrome ta sauya hoton a watan Satumba na 2023. Abin lura dai shi ne: in kin ga Not secure, kada ki sa kalmar sirri. Ki kuma lura da haruffa masu kama da juna, r da n a jere suna kama da m, lamba 1 tana kama da ƙaramin l. Idan adireshi ya fara da xn da karan tsakiya biyu, an yi amfani da haruffan wani rubutu ne irin na Rasha, kuma babu hukumar jarrabawa ko bankin Najeriya da zai aiko ki can.

Game da 'yarki kuwa, tsarin JAMB kansa zai kare ki in kin san shi. Ana farawa da tura lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar shaida, a sayi lambar rajista (e-PIN) da ita, rajistar kanta kuma a cibiyar jarrabawar kwamfuta (CBT) da hukumar ta amince da ita ake yi, don sai an ɗauki zanen yatsu. Duk shafin da ya ce zai gama mata rajista daga waya, ko zai ƙara mata maki, ki rufe shi.

Abubuwan da ke fitowa kina cikin rubutu

Jerin da ke saukowa ƙarƙashin layin ba daga wuri ɗaya yake ba, kuma ɗan hoton da ke gefen kowanne yana faɗar asalinsa. Mai agogo abin da aka taɓa nema ne. Mai gilashin dubawa shawara ce daga injin bincike, bisa abin da mutane da yawa ke nema. Mai tambarin shafi ko hoton duniya shafi ne da aka taɓa shiga ko aka ajiye. Wannan ya kamata iyaye su sani kafin su ɗauki bulala: ba duk abin da ya fito ba ne yaro ya nema. Na taɓa raba wata uwa da ɗanta a kan haka, da muka duba gilashi ne a gefen kalmar, ba agogo ba.

In kina son cire guda ɗaya a Chrome ta waya, ki danne shi na ɗan lokaci, za a tambaye ki ko a goge. A kwamfuta ki sauko kansa da maɓallin kibiya ki danna Shift da Delete tare. Amma tarihin yana iya zama a wuri biyu, cikin wayar da kuma cikin asusunki na Google. Shi ya sa wasu ke gogewa su ga abin ya dawo, ko ya bayyana a wata wayar da aka shiga da asusun. Na asusu ana ganinsa a myactivity.google.com, kuma a can za ki iya sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36. In abin da za ki nema na sirri ne, kamar maganar rashin lafiya, ki buɗe shafin Incognito daga ɗigo ukun nan na kusurwa. Wayar ba za ta ajiye tarihinsa ba. Iyakarsa ke nan fa, daga yara yake ɓoye ki, bai ɓoye ki daga kamfanin layi ko mai intanet ɗin ofis ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Don a iya ba ki shawara kina cikin rubutu, haruffan suna tafiya wajen injin bincike tun kafin ki danna shiga. Na sha ganin mai son buɗe imel ya rubuta adireshin imel ɗinsa a layin sama, ya bi shi da kalmar sirri, yana zaton nan ne wurin shiga. Ta tafi ke nan, kuma ta zauna a tarihin kwamfutar haya tana jiran na gaba ya rubuta harafin farko. Wanda ya yi haka ya canza ta nan take. Ana iya kashe aiken haruffan a saitin burauza, a sashen ayyukan Google, sai dai za ki rasa shawarwarin. Ni dai ban kashe a wayata ba, amma a kwamfutocin shago na kashe.

Wa ke amsa tambayar?

Layin ba shi ne mai binciken ba, ɗan aike ne. Wanda yake kai wa tambayar shi ne injin da aka saita. A Chrome da Safari Google ne, a Edge kuma Bing ne, kuma za ki iya canzawa a Settings, sashen Search engine, zuwa irin su DuckDuckGo. Ruwa ba ya tsami banza: a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama zaɓin farko a Safari, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. Duk wannan kuɗin saboda an san ɗan Adam ba ya taɓa saitin da ya tarar.

Idan wata rana kika ga bincikenki yana fita ta wani shafin da ba ki sani ba, cike da talla, to wani ya canza ɗan aiken. A kwamfuta yawanci ƙaramar manhaja ce da aka liƙa wa burauza, irin masu cewa za su sauke bidiyo ko su juya takarda kyauta. A rubuta chrome://extensions a layin sama a cire duk wadda ba a san ta ba, sannan a mayar da saitin.

Bincike da Hausa

Tunda ke malama ce, wannan zai yi miki amfani wajen shirya darasi. Rubutun Hausa a intanet kashi biyu ne, masu sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, da waɗanda ba sa sawa. In kin nemi ƙarangiya ba ki gamsu ba, ki sake nema da karangiya, sau da yawa sakamakon ba ya zama ɗaya. In kin kwafi adireshi mai irin waɗannan haruffa kika ga ya rikiɗe ya cika da alamar kashi cikin ɗari, kada ki tsorata, ƙ ce ta koma %C6%99, ɗ kuma %C9%97, haka ake rubuta su a cikin adireshi.

Dabaru uku sun ishe ki. Ki sa jimla tsakanin alamun zance in kina son ta fito yadda take, wannan ya fi amfani wajen neman karin magana ko baitin da kika tuna rabinsa. Ki rubuta site:ha.wikipedia.org ki bar tazara ki sa kalmarki, za a duba miki cikin Wikipedia ta Hausa kaɗai, haka ma site:gov.ng zai taƙaita sakamako ga shafukan gwamnati. Ki ƙara filetype:pdf in takarda kike nema wadda za a iya bugawa. Lissafi ma yana yi, ki rubuta 4500*38 ki ga amsa ta fito tun ba ki danna shiga ba. A kwamfutar makaranta kuma, Ctrl da L yana kai ki layin ba sai kin taɓa linzami ba. Ctrl da Enter yana ƙara www da com da kansa, amma ki tuna com yake ƙarawa, bai dace da shafukanmu masu ng ba.

Daga nesa nake amsa miki, wayar ba ta hannuna. Bayanin da na yi na wuraren dannawa na Chrome ne. In Opera Mini ce ko Phoenix ko burauzar Samsung a wayarki, ƙa'idar tazara da ɗigo tana nan, amma sunayen saitin da wurarensu sun bambanta, kuma kamfanonin suna matsar da su lokaci zuwa lokaci. Karanta adireshi ma ba ya maganin komai, domin shafin gaskiya kansa ana iya yi masa kutse. Abin da karanta adireshi yake magancewa shi ne shafin kwaikwayo, wanda shi ne mafi yawan abin da ake kawo min.

Sauran abu ɗaya da zai iya tarar da ke a lokacin rajista. Mahaɗin da aka turo a zauren iyaye na WhatsApp, ko wanda kika danna a Facebook, sau da yawa yana buɗewa ne a cikin wata 'yar taga wadda ba a iya rubutu a layinta, wani lokacin ma guntun adireshin kawai take nunawa. In maganar kuɗi ce ko lambar 'yarki, ki rufe tagar. Ki buɗe Chrome, ki rubuta jamb.gov.ng da hannunki, babu tazara, ki tabbatar ɗigo ne ba waƙafi ba. Da shafin ya buɗe ki taɓa ɗigo ukun kusurwa ki danna tauraro. Daga ranar, kina rubuta ja zai riƙa fitowa a jerin, ke da 'yarki sai ku riƙa shiga ta nan.